Kaskon da Surukata Ta Wanke

Na gaji da ganin gindin kasko, wallahi na gaji. Kusan kowace safiya in na buɗe waya sai na tarar wani ya aiko mini hoto: kasko a kife, ɗan hatimi a tsakiyarsa, da tambayar da ba ta sakewa, wa ya gina shi, nawa kuma zai yi. Yawancinsu ban san su ba. Wani gadon babansa ne, wata a kasuwar gwanjo ta tsinto shi ran Lahadi, kowa yana jira in ce masa ya taka sa'a. Amsar kuwa kusan kullum ɗaya ce: aikin masana'anta ne, irinsa na nan jibge a mangaza, rumbun kayan da nake aiki. Daga nan sai su yi fushi da ni, sai ka ce ni na gina shi.

Ba kaskon suya nake nufi ba. Na bonsayi ne, ƙananan itatuwan nan da mutanen Japan da Sin ke tsarewa cikin ɗan kasko marar zurfi, su yi ta aske su suna lanƙwasa su da waya, har itace ya tsufa bai kai gwiwa ba. Ni da na tashi a Damagaram ina ganin kuka da gawo, ranar da na fara ganinsu dariya na yi. Na ce a raina mutanen nan aiki ne ya yi musu kaɗan.

A Lyon ne, farkon shekarun dubu biyu, lokacin da na zo karatu Villeurbanne, nan gefen birnin, a kan yumɓu da siminti. Wa'adina a gidan ɗalibai ya ƙare, na sha yawon neman ɗaki har takalmina ya buɗe baki, sannan wasu tsofaffi biyu, mata da miji, suka ba ni hayar ɗakin sama a gidansu. Ba su taɓa haihuwa ba. Mijin tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ni Tsoho nake ce masa da Hausa, ya kuwa ji daɗin sunan da na fassara masa. Matar malamar makaranta ce a da, ita Madam nake ce mata. Bayan gidan akwai ɗan fili cike da itatuwan nan a kan katako, kowane da kaskonsa.

Tsoho ya fi son kasake a kan itatuwan ma. Da ya ji yumɓu nake karanta, shi ke nan, na shiga uku. In na dawo daga labo, ɗakin gwaje-gwajenmu, a gajiye, yunwa na ci na, sai ya tare ni a bakin matakala da kasko a hannu. Kife shi, in ji shi. Dubi ƙafafun, an manna su ne da hannu ko inji ya fitar da su tare da jikin? Sa yatsa cikin hujin da ruwa ke fita, ka ji ko da wuƙa aka yanke shi. Shafa cikin, ko za ka ji sawun yatsun magini. Sannan ya ɗaga shi da yatsu uku ya ƙwanƙwasa, mu saurara. Na ce masa ai haka matanmu ke yi wa tulu a kasuwar Mirriya kafin su biya. Ya yi murna har ya kira Madam ta zo ta ji.

Shi ya nuna mini hatimi. Magini kan danna sunansa a gindin kasko tun yumɓu na ɗanye, kafin a gasa. Amma hatimi kaɗai ba ya isa shaida, don ɓarayin sana'a sun iya sassaƙa irinsa. Sai ka haɗa shi da launin yumɓun, da nauyi, da yadda aka fitar da baki. Abu na ƙarshe, wanda in yana maganarsa har murya yake saukarwa, shi ne abin da suke kira patin. Duhu ne da sheƙi mai laushi da kasko ke yi bayan shekaru na ruwa da taki da rana da maiƙon hannun mai shi. Ba a sayensa, ba a gaggauta shi. Masu ha'inci kan shafa man takalmi su ce shi ne, amma hanci ma yana tona su. A wurin masu sayen tsofaffin kasake, rabin darajar a wannan dauɗar take. Eh, dauɗa, haka na kira ta a gabansa, ya kusa kore ni daga gidan.

Akwai kasko ɗaya da ba ya kwana waje. Dogo ne kaɗan, launin hanta, ba shi da ƙyalli, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba. Itacen da ke ciki ya mutu a wani rani mai tsananin zafi, bai sake dasa komai ba. Kusa da kujerarsa yake aje shi. Yana kallon labarai, kaskon na kan cinyarsa, yana murza kusurwa ɗaya da babban yatsa. Wani lokaci ya shafo maiƙon gefen hancinsa ya goga masa, Madam ta ce tir. Wannan kusurwar ta fi ko'ina baƙi da santsi.

Tun yana saurayi ya saye shi a hannun wani matuƙin jirgin ruwa a Marseille, ya kuma rantse aikin wani tsohon gwani ne na Tokoname, garin magina a Japan. Matsalar ita ce ruwan Lyon farar ƙasa gare shi, gindin kaskon ya yi ɓawo fari mai kauri, hatimin ya nutse ciki, ba a ganin komai sai ɗan tudu. Madam kuwa cewa take an cuce shi, irin kaskon da ake kai fure maƙabarta ne. Sun yi wannan gardama a gabana har na haddace ta, kowa na san abin da zai ce. Na taɓa cewa ya ba ni in kai labo in narkar da ɓawon a hankali, mu huta. Ya rungume kaskon ya ce, "Bar shi. Na san abin da na sani." A lokacin na ɗauka taurin kai ne. Yanzu ina ganin tsoron amsar yake.

Na gama karatu, aka ba ni takardar dokta, na ɗauke ta na yi ta ƙwanƙwasa ƙofofi. Ba zan gajiyar da kowa da wannan labari ba, duk ɗan Nijar da ya yi karatu a nan ya san shi. Ƙarshenta a Aubervilliers, gefen Paris, na tsaya, cikin wata mangazar masu shigo da kaya daga Sin, ina duba abin da ya fashe a kontena da abin da bai fashe ba. Abin dariya, cikin kayan har da kasaken bonsayi, a jere cikin kwali, kowane da hatiminsa mai kyau, duk inji ɗaya ya buga su. Da rana ina ƙirga na ƙarya, da yamma ina amsa wa mutane tambaya a kan na gaske, don a hankali sunana ya zaga tsakanin masu wannan sha'awa. Na yi aure, aka kawo mini matata daga Damagaram, muka zauna a ɗaki biyu a bene na huɗu.

Tsoho ya rasu ina can. Na je jana'iza na dawo. Bayan an kwana biyu Madam ta kira ni, lokacin matata na da tsohon ciki, ta ce in zo, za ta koma gidan tsofaffi, ƙafafunta sun daina hawa matakala. Na tarar da gidan duk kwalaye. Itatuwan ta raba wa abokan mijinta. Kujerarsa na nan, kaskon na kai, ta naɗe shi cikin wata tsohuwar rigar sanyinsa mai toka-toka.

Ta ce, "Ba sayarwa zan yi ba, kada ka zo mini da lissafi. So nake in san ko gaskiya gare shi. Shekara da shekaru ina yi masa dariya. Ka gano mini wa ya gina shi, ka maido mini da shi yadda yake."

Na ce mata kada ta damu, gindin kawai zan taɓa, shi ma daidai wurin hatimin. Na rungumo shi a jirgin ƙasa har Paris, ko kan kantar aje kaya ban yarda na ɗora shi ba.

Ba a jima ba matata ta sauka, aka samu ƴa mace, surukata ta zo wankan jego. Karonta na farko ke nan a jirgin sama. To, wanda bai zauna da surukarsa a ɗaki biyu ba, bai san takura ba. A gida da ko hanya ba za mu haɗa ba, in na hango ta sai in sake lungu. A nan kuwa banɗaki ɗaya ne, madafa ɗaya, in ka juya sai ka taka mutum. Na koma kwana a falo. Ba na cin abinci a gabanta, sai in ɗauki kwano in tsaya a balkon, ƴar barandar waje, cikin sanyi. Gaisuwa kawai ke haɗa mu, ni a durƙushe, ita ta kau da kai. Duk wata magana kuma ta bakin ƴarta take bi, ko da ina tsaye a wurin. "Ki ce masa gas ya kusa ƙarewa." "Ki ce masa kanwar nan da ya sawo ba ta da ƙarfi."

Inna, surukar tawa, mace ce da ba ta iya zama. In ta gama yi wa mai jego wanka, ta dama kunu, ta gasa wa jaririya cibi, sai ta shiga neman abin wankewa. Tukwanenmu da muke ganin fes suke, ta ce ko kare ba za ta ba abinci a ciki ba. Ta kankare su har suka koma kamar ranar da aka sawo. Ta wanke tagogi, ta wanke bayan firiji, wata rana na dawo na tarar tana goge matakalar benen gaba ɗaya, maƙwabta na tsallake ta suna godiya.

Kaskon yana saman kabad tun da na kawo shi. Da hidimar suna ta lafa, na sauko da shi na fara aikin. Ba aikin gaggawa ba ne. Ɗan auduga nake jiƙawa da ruwan tsami marar ƙarfi, in ɗora daidai kan tudun hatimin, in bari ya jiƙa, in goge da tsohon burushin haƙori, gobe in sake. Wata safiya na kife shi a bakin tagar madafa da audugar a kai, na duba agogo na ga zan makara, na fita da gudu. Matata na barci. Inna kuwa, ta yaya zan tsaya in yi mata bayanin kasko?

Da yamma na dawo, na yi sallama, na shiga madafa neman ruwa. Ga shi nan a kan tebur, cike da albasa. Na ɗan tsaya ban gane shi ba. Ja wur yake, ja irin na sabon tulu, jikinsa duk siraran zane na soson ƙarfe. Kusurwar nan ta yatsan Tsoho ta zama daidai da sauran. Warin javel, ruwan wankin nan mai cin launi, da na lemun tsami na tashi daga jikinsa. Na ce innalillahi, ban san a fili na faɗa ba.

Matata ta leƙo da jaririya a kafaɗa, ta ga fuskata, ta ga kaskon, ta dafe baki. Daga falo muryar Inna ta taso, cike da jin daɗi.

"Ki ce masa kwanon nan ya ba ni wahala. Tun hantsi nake kansa har la'asar. Ƙasar nan ko toka babu, sai da na haɗa da lemu da ruwan wankin nan mai wari. Ki ce masa gidan da ke da jinjiri ba a aje ƙazanta irin wannan. Hujin ma ya yi amfani, albasa za ta sha iska."

Na fito falo. Tana zaune a ƙasa kan darduma, hannuwanta a kan gwiwa, na ga kan yatsunta sun yi fari sun saɓule, ɗaya har da ɗan jini. Maganganu sun cika mini baki, masu zafi, da Hausa da Faransanci. Na durƙusa na ce, "Sannunku da aiki, Inna. Allah ya saka da alheri." Ta ce wa ƴarta, "Amin."

Na sauka na bi bakin kanal, hanyar ruwan da ta ratsa unguwarmu, ina tafiya ina zage-zage ni kaɗai kamar sabon mahaukaci. Na zagi soson ƙarfe, na zagi ruwan Lyon, na zagi Tsoho da ya ƙi bari a duba tun yana da rai, na zagi ɗaki biyu. Raina ya ɓaci ƙwarai, abin da ya fi ci mini rai kuma shi ne babu wanda zan sauke wa. Da na koma, matata ta ja ni banɗaki, nan kaɗai ake iya magana a gidan, muka yi faɗa cikin raɗa.

Na ce, "Amanar mutane ce! Kin san ko amanar wa ce?"

Ta ce, "Na sani, Malam. Amma don Allah kada ka bari ta ji. Ta bar gidanta ta zo ƙasar da ba ta jin maganar kowa, wannan wanke-wanken shi ne kawai abin da take ganin tana yi maka. In ta san ta yi ɓarna, gobe za ta ce a kai ta filin jirgi."

Na ce ai ko ina so ba ni da bakin faɗa mata. Jaririya ta fara kuka, matata ta fita.

Sai washegari na iya juye albasar na kife shi. Hatimin ya fito tangaran, kowane layi a sarari, Inna ba ta bar ko ƙwayar farar ƙasa ba. Na buɗe littattafan hatimai da na tara. Ya yi daidai da na gwanin da Tsoho ke faɗa, har da wata ƴar tsaga a gefe da aka san hatiminsa da ita. Ban yarda da idona ba, na kai wa wani dattijon dillali a cikin Paris wanda ya fi ni sani nesa ba kusa ba. Ya juya shi, ya sa yatsa a huji, ya ƙwanƙwasa, ya daɗe yana duba gindin da madubinsa. Ya ce na gaske ne, babu shakka. Sannan ya shafa zanen soson, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Wane mugu ne ya yi wannan?" Na ce daga baya aka yi. Ya faɗi abin da zai yi da ba a taɓa shi ba, da abin da zai yi yanzu. Ban riƙe ko ɗaya ba, tunda ba shi aka aike ni ba.

Wani abokin aikina a mangaza ya ce in daina wahalar da kaina, man takalmi da ɗan toka da mai, kwana biyu ya koma baƙi, tsohuwa ba za ta gane ba. Na san yadda ake yi, na fi shi sani, aikina ke nan kama masu yi. Har na sayi gwangwanin. Ya yi kwanaki cikin aljihun rigata ban buɗe ba. Na gwada murza shi da tafin hannuna kullum bayan sallar asuba, sai dai ya yi maiƙo kawai, jan na nan. Madam ta kira tana tambaya, na ce ina zuwa ran Asabar.

Gidan tsofaffin yana bayan garin Lyon, ƙarshen layin bas. Ɗakinta ƙarami ne, gado da kujera da taga. Kujerar ta Tsoho ce, ita kaɗai ta ɗauko daga kayan gidan. Ta rame. Na zauna da ƙunshin a cinyata, cikin rigar sanyin yadda ta ba ni, na fara da labari mai daɗi saboda ni matsoraci ne a irin wannan wuri.

Na ce, "Madam, gaskiya gare shi. Na gwanin ne. An tabbatar."

Ta tafa hannu ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Kai, tsohon nan mai taurin kai! Da yana nan da ban sake shan ruwa lafiya ba." Ta sa na maimaita mata sunan maginin, ta gwada faɗa, ta kasa, ta sake dariya. Sannan ta miƙo hannu biyu.

Na ba ta. Ta warware rigar a hankali. Dariyar ta tsaya. Ta juya shi, ba gindin ta duba ba, ko kallon hatimin ba ta yi ba. Babban yatsanta ta kai kusurwar nan, ta shafa, ta koma ɗaya kusurwar ko ta yi kuskure, ta zagaye duka huɗun.

Ta ce, "Ina wurin yatsansa?"

Na faɗa mata yadda aka yi, ban rage ba ban ƙara ba. Uwar matata ce, ta zo taya mu jego, ta ga kamar dauɗa ce, ta yini tana kankarewa don ta kyauta mini. Madam ta saurara har na gama. Ta kai kaskon hancinta ta shinshina, ta daɗe a haka.

Ta ce, "Ta iya wanki."

Na ce ta yi haƙuri, na sake cewa ta yi haƙuri. Ta zare rigar sanyin daga ƙarƙashinsa, ta ninke ta da kyau ta ɗora a cinyarta, ta miƙo mini kaskon tsirara.

Ta ce, "Tafi da shi. Na mutumin Japan ɗin ne, ni ban san shi ba."

Na ce ba zan iya karɓa ba, abu ne mai daraja. Ta ce ta gaji, tana so ta kwanta. Ta riƙe rigar da hannu biyu tana kallon taga, na yi mata sallama ba ta juyo ba.

A leda na sa shi na dawo Paris. Na hau bene na huɗu da ƙyar, na aje ledar a madafa, na shiga falo na durƙusa na gaida Inna. Ba a jima ba na ji ta tashi, na ji ƙarar leda, na ji albasa na gangarawa cikin kasko ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Ki tambaye shi, mai kwanon ba ta karɓa ba ne?"

Matata ta dube ni. Na ce, "Ta bar mana, Inna."

Ta ce, "To, ki ce masa ya gani. Da a yadda yake ne, wa zai ba wani kyautarsa?"

Na ce, "Haka ne, Inna." Na ɗauki kwanon tuwona na fita balkon.